Gwaggo Ba Ta Magana Sai Ta Ji Wuta

Kowace Alhamis, ƙarfe biyar da rabi na yamma, in ka leƙa ta tagar gidan abincin Berríos za ka hango Don Teyo ya kunno kai daga ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, yana tura keken cefane. A cikin keken an naɗe wani abu da bargo kamar majinyaci. Ko dusar ƙanƙara ake zubarwa haka yake zuwa, sai dai ya ƙara bargo. Ni Migdalia, shekarata ashirin da shida ina kai wa mutane abinci a gidan nan, kuma ban cika duba agogo ranar Alhamis ba. Da na hango farar hularsa na san lokacin gyara tebura ya yi.

Abin da ke cikin bargon ganga ce, konga, amma ba irin ta zamani mai ƙusoshin murɗawa da ake ɗaurewa da sifana ba. Tasa da katakon tsohon duron giya aka harhaɗa ta, aka kafe mata fatar alfadari da ƙananan ƙusoshi, shi ke nan. Irin wannan ba ta da hanyar jan fata sai zafi. In ta sha sanyi sai ta saki jiki, ka buga ka ji kamar ka mari kwali. Sai an kai ta kusa da wuta, fatar ta ja a hankali, sannan muryarta ta fito. In an wuce gona da iri kuma, ta koma tana ƙara kamar kwano. Don Teyo ya raɗa mata suna Gwaggo, wai don ƙanwar mahaifinsa, Chencha, wadda ba ta amsa gaisuwar kowa da safe sai ta sha gahawa mai zafi.

Sunansa na takarda Eleuterio Quiñones, amma in ka kira shi haka ko waiwayowa ba zai yi ba. To, yanzu ko Teyo ɗin ka ce ba lalle ne ya waiwayo ba, amma za mu zo kan wannan. A garin Loíza aka haife shi, bakin teku, can tsibirinsu. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya uwarsa ta tsallako teku ta kawo shi nan Bronx, gangar ta biyo baya a kafaɗar baffansa, wanda ya bar masa ita gado tare da wata riga da ba ta taɓa shigarsa ba. Shekara talatin da takwas ya yi a gareji yana bugun jikin mota. Duk motar da ta lotse a unguwarmu ta san gudumarsa. Ya auri Aurelia, suka haifi uku, ukun duk suka tattara suka koma garin Orlando, can kudu da nisa. Da Aurelia ta rasu, babbar 'yarsa ta share masa ɗaki a gidanta, ta fitar da keken ɗinkinta, har ta aiko masa da hoton gadon. Duk lokacin da ta buga waya ta ɗauko zancen, amsarsa ɗaya ce: to Alhamis fa?

Kada ka ɗauka wani shahararren makaɗi nake ba ka labari. Bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar faifai ba, kuma in ka wuce tasha uku daga nan babu wanda ya san shi. Makaɗan yanzu ganga uku ko huɗu suke jerawa, shi ɗaya ce tak. In aka zo gaɓar da kowa zai nuna bajintarsa, mai ƙaho ya yi ta lilo da iska har jijiyar wuyansa ta tashi, mai fiyano ya zaga duniya ya dawo, shi nasa ɗan gajere ne, ya faɗi abin da zai faɗa ya koma bakin aiki. Amma hannunsa ba ya kuskure lokaci. Masu rawa ƙaho suke yi wa tafi, ƙafafunsu kuwa Don Teyo suke bi.

Su biyar ne, kuma shugabansu Anselmo Pagán, mai fiyano, tsohon malamin makaranta da har yau yake kallon mutane kamar ba su yi aikin gida ba. Daga bakwai suke farawa, goma na bugawa su tsaya, saboda wata nas da ke saman benenmu mai fita aikin asuba. Kujerar Don Teyo tana hannun hagun fiyano, wata tsohuwar kujera ce mai ƙafa ɗaya gajera da ya ƙi yarda a canja. Wannan kujerar ita ce abin da ya riƙe shi a garin nan. Ba na jin kunyar faɗa, in ka ɗauke ta ka ɗauke mutumin.

Sai kuma Doña Minga, mai dafa mana abinci, wadda ta riga ni zuwa gidan, ta riga ma ɗan Berríos da yanzu yake taƙama shi ne mai gida. Gajeruwa ce, mai hannun ɗaukar tukunyar mutum tamanin, kuma ta sha faɗa cewa ita kiɗa ciwon kai yake sa mata. Rigimarsu ta samo asali ne tun ranar da Don Teyo ya fara wasa a nan, shekara ashirin da biyu ke nan. Ya shigo kicin ko sallama babu, ya ga murhun baya na ci, ya sauke tukunyar wake ya kara gangarsa. Duk wanda ya taɓa dafa wake ya san abin da ke faruwa in an katse masa wuta a tsakiya. Ranar mutum tamanin suka tauna tsakuwa. Doña Minga ta biyo shi da babban ludayi har bakin ƙofa, ta nuna masa layin jan tayil da ya raba kicin da falo, ta rantse in ya ƙara tsallake shi za ta ɓamɓare fatar Gwaggo ta yi farfesun ganda da ita.

Amma ganga na bukatar wuta, wutar kuma tana kicin. Sai aka yi sulhu irin na maƙiyan da ba su da yadda za su yi da juna. Ya kawo Gwaggo bakin layi ya miƙa mini, in shigar da ita, Doña Minga ta jingina ta kusa da murhun baya. Shi kuma ya tsaya a 'yar tagar da ake miƙo abinci, ya tura kai iya wuya, yana ba da umarni.

"Ke tsohuwa, juya ta mana. Gefe ɗaya kike ta gasawa, an ce miki masara ce?"

"Shigo ka juya, in kai namiji ne."

"Ƙara mata minti biyu."

"Migdalia, gaya wa mai kwankwatsar motocin nan in ya sake buɗe baki, barkono zai ci yau ba shinkafa ba."

Haka za su yi ta yi wajen minti goma sha biyar. Can sai ka ji ta ƙwanƙwasa murfin babbar tukunyar shinkafa da ludayi, don haushi muke cewa, ta ɗan mari gangar, ta ce in zo in kwashe mata wannan tarkacen. In fito da Gwaggo da ɗuminta. Don Teyo ya karɓa, ya buga sau ɗaya, ya karkata kai ya lumshe ido kamar likita na sauraron ƙirji, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce yanzu ta yi, da ya bar tsohuwar nan da ta ƙona masa ita. Ya taɓa kunnensa na hagu ya ce wannan kunnen ba a sayar da shi a kanti. In an tafi hutun rabin lokaci, ganga ta huce, a sake maimaita wasan daga farko. Akwai masu zuwa tun shida don kawai su kama teburin da ke kusa da tagar. Wata mata ta taɓa tambayata ko mata da miji ne, na ce mata a'a, ai da sun daɗe da rabuwa.

A watan Maris da ya wuce gwiwar Doña Minga ta ce ta gaji. Aka yi mata aiki, likita ya ce mako shida ba tsayuwa. Berríos ya ɗauko wani bawan Allah mai suna Ulises ya riƙe kicin, mutum mai sanyin hali, irin wanda in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Ba wanda ya gaya masa zancen jan layi. Ranar Alhamis Don Teyo ya zo, ya tsaya a bakin tayil ɗin, ya dubi hagu ya dubi dama, ya ɗaga ƙafa ya tsallaka. Sai ka ce wanda aka ba shi mukullin gari. Ya zaga kicin yana leƙa tukwane, ya ɗanɗani miya ya ce gishiri bai ji ba, sannan ya kara Gwaggo da wuta da hannunsa, karo na farko cikin shekara ashirin da biyu. Ya daɗe yana shafa fatar da tafin hannu, yana bugawa, yana sake shafawa.

Da aka fara kiɗa na tsaya cak da faranti a hannu. Lokaci daidai, hannu daidai, amma muryar babu. Gwaggo tana magana kamar mai mura. Anselmo ya ɗago kai ya dube shi ta saman tabarau. Muka ce ƙila sanyin Maris ne. Alhamis ta biyu kuwa sai ya wuce da ita ɗaya gefen, ya gasa ta har fatar ta ɗan yi ƙauri, ta fito tana ƙara siririya mai shiga haƙori, tana faɗa da mai kaɗa jitar bas a kowane bugu. Akwai wasu tsofaffin ma'aurata da ba su taɓa fashin rawa ba tun da na san gidan. Ranar a tsakiyar waƙa ta uku matar ta ja hannun mijinta suka koma suka zauna. Don Teyo kuwa yana ta bugu yana murmushi.

A daren ne na fahimta, kuma har yau ina jin haushin kaina da na ɗauki shekaru ban gani ba. Lokacin hutu, tire ya suɓuce mini a bayansa, kofunan gilashi shida suka tarwatse a ƙasa. Duk gidan ya juyo, har Ulises ya leƙo daga kicin. Don Teyo yana zaune taku biyu daga wurin, yana goge fatar gangarsa da hankici, bai ko motsa ba. Sai abubuwa suka fara dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Dalilin da ya sa ba ya yarda a matsar da kujerarsa daga hagun fiyano, inda yake ganin hannun Anselmo. Dalilin da ya sa yake cire takalmi ɗaya ya ɗora ƙafa a kan katakon dandamali, ashe ta nan yake jin bugun kiɗan. Dalilin da ya sa in kana masa magana bakinka yake kallo. Guduma ta shekara talatin da takwas ta ci kunnen da ba a sayarwa a kanti.

Da aka tashi, Anselmo ya ja ni gefe. Ya yi ta kewaye-kewaye, shi yana ƙaunar Teyo, Teyo ɗan'uwa ne, amma kiɗa kiɗa ne. Daga ƙarshe dai ya fito da ita: saura Alhamis ɗaya. In Gwaggo ta sake fitowa a haka, surukinsa Nelson na nan da ganguna uku na zamani masu sifana, a shirye yake. Kuma wai ni zan gaya wa Don Teyo, don ni mace ce, na fi iya magana. Na ce masa shekara talatin yana tsorata 'ya'yan mutane a aji, ashe tsoho ɗaya ya fi ƙarfinsa. Ya gyara tabarau ya ce a gaida gida.

Ranar Lahadi da rana na ɗauki miya a kula na tafi duba Doña Minga. Hawa na huɗu take, gidan ba lif. Na same ta a kan doguwar kujera, ƙafa a kan filo, ta ɗanɗani miyar Ulises ta ce in kai wa wanda nake ƙi. Na zayyana mata duk abin da ya faru, har zancen kofunan. Na ɗauka za ta yi mamaki. Sai ta ja tsaki ta ce sai yanzu na sani? Ita shekararta goma sha ɗaya da sani.

Ashe mahaifinta makaɗi ne a garin Ponce, can tsibirinsu. Tana ƙarama, in lokacin Kirsimeti ya zo za su fita zaga gidaje da kiɗa, ita ce mai riƙe masa ganguna a bakin wutar gawayi, kuma in ta kuskure ranƙwashi take sha. Tun watan farko da Gwaggo ta fara shiga kicinta ta lura cewa duk ranar da muryar gangar ta zo ɗaya da ƙarar murfin tukunyar shinkafa, ranar Anselmo ba ya haɗe rai. Da farko ita da Teyo bakinsu na zuwa ɗaya, in ya ce ta yi, to ta yi. Sai wata rana ya yi ihu ta taga cewa a sauke, ta nuna, alhali gangar na nan laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ta dubi fuskarsa ta ga ba wasa yake ba. Sai ta ja rigima da shi har ganga ta ja, sannan ta sallame ni. Daga ranar ta daina sauraron umarninsa, sai murfin tukunya. Zancen wake kuwa ta daɗe da yafewa. Ta bar dokar layi ne don kada ya shigo ya ga yadda ake yi.

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa gaya masa ba. Ta ce, "In gaya masa me? Mutumin da matarsa ta tafi, 'ya'yansa suka tafi, abin da ya rage masa ke nan yana taƙama da shi. Ni in ƙwace? Ke ma in kika buɗe baki, da ludayin nan zan bi ki, da gwiwa ko ba gwiwa."

Na ce to ta koya mini, ni in yi. Ta sa na ɗauko kofuna biyu daga kicinta, ta buga ɗaya ta buga ɗaya da cokali, ta ce wanne ya fi siririyar murya. Sau uku tana gwada ni, sau uku ina faɗuwa. Ta ajiye cokalin ta ce Allah ya ba ni kunne ne don in rataya 'yan kunne. Na ce a gwada ta waya, ta ce waya ko muryar jikanta ba ta kawowa daidai balle ta ganga. Na sauko benen nan zuciyata a jagule, ban san abin yi ba.

Ranar Talata na je na same shi a 'yar farfajiyar da suke wasan domino shi da abokansa. Na ja shi gefe, na tsaya inda zai ga bakina, na gaya masa saƙon Anselmo ba tare da na sa masa sukari ba. Zancen Doña Minga kuwa na haɗiye. Na shirya wa faɗa, na shirya wa zagin Anselmo da surukinsa da sifanarsu. Bai yi ko ɗaya ba. Ya juya ɗan domino da ke hannunsa ya ce ai ya ga lokacin da tsofaffin nan suka zauna. Ya yi mini godiya, abin da bai taɓa yi ba, ya koma wurin wasansa. Na so ƙwarai a ce ya zage ni.

Alhamis ta zo. Biyar da rabi babu farar hula. Shida saura kwata babu. Na shimfiɗa tebur ɗaya sau biyu. Ƙarfe shida Nelson ya shigo da gangunansa uku masu walƙiya, ya jera su a lungu, ya gaishe ni da ladabi. Mutumin kirki ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Anselmo ya zauna a fiyano yana duba takardun waƙoƙin da ya haddace tun kafin a haife ni. Ni kuwa har na fara ganin Don Teyo zaune a bakin gadon nan na Orlando.

Shida da minti ashirin sai ga tasi biyu sun tsaya a ƙofa. Daga ta farko Don Teyo ya fito rungume da Gwaggo. Daga ta biyu tsofaffi huɗu, abokan dominonsa, waɗanda in ka haɗa shekarunsu sun doshi ɗari uku, suka fito suna haki, suka ciro kujerar cin abinci daga but ɗin motar, suka ɗora Doña Minga a kai. Da haka suka sauko da ita daga hawa na huɗu, da haka kuma suka shigo da ita, ƙafa ɗaya a miƙe gaba, tana zagin kowannensu da sunansa tana ce masa ya ɗaga ɓangarensa. Suka dire ta a gaban murhun baya. Ta dubi Ulises ta ce ya ci gaba da aikinsa, ba don shi ta zo ba, amma ya rage wutar waken nan.

Abin da ya faru a saman benen daga baya ta ba ni labari. Ƙarfe huɗu Don Teyo ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, ya hau hawa huɗun nan da ganga a ƙirji. Bai zauna ba. Ya ajiye Gwaggo a tsakiyar ɗaki, ya cire hula, ya ce mata, "Tun yaushe?"

Ta ce ba ta san abin da yake nufi ba. Ya ci gaba da kallonta. Sai ta ɗaga yatsu ta nuna masa goma, ta ƙara ɗaya.

Ya ce, "Ni tara na ƙirga."

Ashe ya sani. Shekara tara yana tura kai ta tagar nan yana ba da umarnin da ya san ba wanda ke bi. Da ta kwanta asibiti sai ya ce bari ya gwada, ƙila tafin hannunsa ya gaya masa abin da kunne ya daina faɗa. Hannun bai gaya masa ba. Ta ce ta so ta yi masa wata magana mai daɗi, ta duba bakinta ba ta sami ko ɗaya ba, sai ta ce masa ya daina tsayuwa kamar gunki ya je ya nemo masu ɗaukarta.

To, ga mu a bakin kicin. Don Teyo ya zo daidai jan layin ya tsaya da kansa, ba wanda ya tsayar da shi. Ya miƙa mini Gwaggo, na kai ta, Doña Minga ta jingina ta da murhu daga zaune. Ya zo tagar kamar kullum, amma bai tura kai ba, bai kuma ce uffan ba. Masu teburin kusa sun gyara zama suna jira. Minti ɗaya, minti biyu, shiru. Ban taɓa jin kicin ɗin nan ya yi mini nauyi haka ba.

Doña Minga ta juyo da fuskarta sosai yadda zai ga bakinta, ta yi ƙasa da murya.

"Lafiya? Ka haɗiye harshe ne?"

"Ke za ki faɗa, Minga."

"Kai tsoho, ka yi mini ihunka yadda ka saba. Mutane na kallo."

Sannan ya gyara hula, ya tura kai ta taga iya wuya, ya ce wa tsohuwa ta juya masa ganga, an ce mata masara ce? Muryar ta ɗan karye a tsakiya, amma ta fita. Ta ce ya shigo ya juya in shi namiji ne. Falo ya ɗauki dariya. Ni kuwa na juya na kama goge wani tire da ba abin da ya same shi, don hawaye ne suka zo mini, kuma ba na kuka a gaban Anselmo.

Can ta ƙwanƙwasa murfin tukunya, ta mari fata, ta jira, ta sake ƙwanƙwasawa, ta ce in kwashe tarkace. Ya karɓa, ya buga sau ɗaya, ya karkata kai kamar kullum, sai dai wannan karon bai lumshe ido ba. Ta taga yake kallo. Ta ɗan ɗaga ludayi, kaɗan, yadda in ba ka sani ba ba za ka lura ba. Sai ya ɗaga murya ya ce yanzu ta yi, da ya bar ta da ta ƙona masa ita.

Ƙarfe bakwai Anselmo ya ƙirga, aka shiga. Bugu huɗu kawai Gwaggo ta yi na ga kafaɗun Anselmo sun sauka. Tsofaffin nan biyu suka miƙe tun waƙar farko, ba su zauna ba sai hutu. Da aka zo gaɓarsa, Don Teyo ya yi ɗan gajeren nasa kamar yadda ya saba, ko bugu ɗaya bai ƙara ba. Nelson ya fi kowa tafi, ya ci shinkafa da wake faranti biyu, sannan ya kwashe gangunansa ya mayar mota. Anselmo bai ba kowa haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Amma da zai fita ya tsaya a tagar kicin ya ce wa Doña Minga Allah ya ƙara sauƙi, ta ce masa ya matsa yana tare mata iska.

Sauran makonni ukun haka aka yi ta kawo ta a kujera, har ɗaya daga cikin masu ɗaukar ya fara zancen shi ma a duba masa tasa gwiwar. Yanzu ta koma kan ƙafarta, layi yana nan inda yake, faɗan ma ya ƙaru. 'Yar Don Teyo ta mayar da keken ɗinkinta ɗakin. Ɗaya gwiwar Doña Minga an sa mata rana a watan Oktoba, kuma tun yanzu Don Teyo ya samo wata kujera mai ƙarfi mai hannaye biyu, ya ɗaure ta da sarƙa a ƙasan benenta.